Mota Ba Ta Taka Yashi

Plumstead, ranar Laraba.

Zuwa ga yayan Hadiza,

Kada ka kuskura ka karanta wannan takarda a tsaye, ko a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa kana rataye da ƙarfe, ka tsallaka zuwa ƙarshe don ka ga ko na ba da makullin mota ko ban bayar ba. Na san halinka. Ka nemi wuri ka zauna, ka faro daga sama, domin abin da ke tsakiya shi ne zai kai ka ya dawo da kai.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka na Bloomsbury. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mugun aboki, Ya sa ka gama da duniya lafiya, amin. Mu nan lafiya lau muke, sai dai ƙanwarka tun ranar Lahadi take kumbure-kumbure.

Ranar Lahadin nan ka zo ka shimfiɗa taswira a kan teburin cin abinci, ka nuna mini jan layin da ka ja tun daga Kent, ya bi bakin teku ta kudu har Cornwall, inda ka ce ƙasa ta ƙare. Ka ce kai da abokinka Danjuma za ku yi tafiyar a sabuwar motar babanku, kafin a ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Legas, kafin kai ma ka koma gida bautar ƙasa. Tun ba ka rufe baki ba na ce a'a. Ka ce, "Umma, don me?" Na ce, "Don na ce." Ka naɗe taswirarka, ka bar tuwo a kwano, ka fita. Wannan rashin ladabi ne, kuma ba zan fasa faɗa ba. Ba a tashi a bar abincin uwa, ko da ita ce ba ta da gaskiya.

Jiya Maman Danjuma ta tare ni a bakin shagon kayan miya, ta ce ta ji ƙishin-ƙishin za ku yi hayar wata tsohuwar mota ku tafi ba da sanina ba. A ce ɗan da na haifa ya yi doguwar tafiya babu albarkata, a motar da ba a san lafiyarta ba? Ba a gidana ba. Da babanku zai tafi Kaduna karɓar sabon aiki, ni ya bar wa makulli, ya ce in yi abin da na ga ya dace. To, bari in gaya maka dalilin da ban gaya maka ranar Lahadi ba. A takarda ba za ka katse ni ba, ni ma ba zan ɗaga murya ba.

Tun kana ƙarami ka san dokar gidan nan: babu mai zuwa bakin teku. Kana tsammanin ka tuna ranar da dokar ta samo asali, amma abin da ka tuna bai wuce askirim da wani ƙato da ya saɓa ka a kafaɗa ba. Sauran ni na sani.

Kana firamare a lokacin, Hadiza tana goye. Babanku ya sayi motarsa ta farko, tsohuwa, wadda in an yi sanyi sai an tura ta. Ya ce zai kai mu mu ga teku, can yamma wajen Somerset. Ni da na tashi a Kano, ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Challawa da damina. Teku kuwa a littafin labarin ƙasa na san shi, na zana shi da shuɗin fensir, na ci jarrabawa a kansa. Na ɗauka wannan ma sani ne.

Kafin mu tashi babanku ya ce a rubuta wa masu masauki a yi booking, wato a kama ɗaki tun kafin a je. Na ce masa, "Malam, wane irin gari ne baƙo zai sauka da mace da goyo a rasa inda zai kwana?" Ya ce, "Malama, nan ba unguwarku ta Kurmawa ba ce." Na ce ko ina ne mutum mutum ne. Ya bar maganar, ba a rubuta ba. Muka isa da la'asar, kowace taga an rataya allo cewa ɗakuna sun cika. A gida ɗaya muka ga allon da ya ce akwai ɗaki. Matar gidan ta buɗe ƙofa, ta dube mu daga ɗankwalina har takalmin babanku, ta ce yanzun nan aka kama. Na gyara goyo, na kwance mata Turancin makaranta a kan haƙƙin baƙo. Ban kai rabi ba ta rufe ƙofa. Daga ƙarshe a saman shagon wani mai suyar kifi muka kwana, kayanmu suka yi mako suna ƙarni.

Saboda haka ka ji: ba a fafe gora ranar tafiya. Duk garin da za ku kwana, ka buga waya tun daga nan. Ka faɗi cikakken sunanka, ka ce ku biyu ne, 'yan Najeriya. Wanda yake da ciwo a zuciyarsa ya nuna shi a waya, ya fi ya nuna shi a bakin ƙofa kuna gajiye. In kuma duk da haka an rufe muku ƙofa, kada ka tsaya wa'azi irin nawa. Ka yi godiya ka wuce. Ƙofa ta gaba mai yiwuwa ta mutumin kirki ce, don matar mai kifin nan har ruwan zafi ta hau da shi sama na yi wa Hadiza wanka.

Washegari muka nufi bakin ruwan. Wuri ne da ake barin motoci su sauka kan yashi, don yashin wurin a daddaɓe yake kamar daɓen ɗaki. Motoci sun yi layi kusa da hanya, jama'a sun baje. Da na ɗaga ido, innalillahi! Maza da mata, tsofaffi da yara, kowa ya tuɓe, ba abin da ke jikinsu sai ɗan ƙyallen da bai isa a ɗaure bakin tulu ba. Na sa hannu na rufe maka ido. Na ce wa babanku, "Wuce." Ya ɗan wuce, ya rage gudu. Na ce, "Ƙara gaba." Ya ce, "Malama, can fa babu mota ko ɗaya." Na ce, "Shi ya sa na ce can."

Akwai allo a wurin, kuma na karanta shi, ba zan ce ban gani ba. Ya ce a yi hattara da dawowar ruwa. Na dubi teku, yana can nesa, da ƙyar ake hango ƙyallinsa. Na dubi sama, garau, babu ko ɗigon hadari. A wurinmu ai ruwa ba ya zuwa sai an yi ruwan sama. Da rani a cikin kogi muke wasa, a cikinsa masu jakuna ke ɗibar yashi, har masu lambu su shuka albasa. Na ce wa babanku, "Wannan allon na damina ne." Da bakina na faɗa, ni mai takardar sakandare.

Muka yi nisa da kowa, muka tsaya a bayan wani tudun yashi. Na shimfiɗa tabarma, na buɗe kwanon dafa-duka, zuciyata fari ƙal, na tsare iyalina daga kallon tsiraici. Muka ci, muka yi azahar, babanku ya kishingiɗa ya rufe fuska da jarida. Kai kuma ka ce za ka tsinci bawon katantanwa, na ce je ka, kada ka yi nisa. Na juya ina ba Hadiza nono.

Teku ba ya sallama. Ban ji ƙara ba, ban ga igiyar ruwa ba. Sanyi kawai na ji a ƙafata, na duba, na ga bakin tabarma ya jiƙe. Na waiwaya, sai na ga ruwan bai zo ta gabanmu kaɗai ba, ya zagayo ta wani kwari a bayanmu, ya shiga tsakaninmu da hanya. Babanku ya zabura ya tayar da mota, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna nutsewa. Kai kuma kana can a kan wani ɗan tsibirin yashi, ka sunkuya kana cika aljihu, ruwa ya kewaye ka ba ka sani ba.

Ka san ba na kama sunanka. Ɗan fari ne kai, kuma haka na tarar ana yi, haka uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah. Na san kana ganin iyayen abokanka na nan suna rungumarsu suna kiransu da sunaye masu zaƙi, kana cewa a ranka taka uwar dutse ce. To, a ranar nan na kira sunanka. Na kira shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, sau nawa ban sani ba, har muryata ta dushe.

Wannan ihun ne mutanen nan suka jiyo. Mutanen da na guje wa. Sai ga su a guje, maza da mata, da 'yan ƙyallayensu, tumbi na rawa, fata ta yi ja kamar gauta. Wani ƙato ya faɗa ruwa har ƙugu, ya saɓo ka a kafaɗa. Wata tsohuwa da ko kallonta ban so yi ba ɗazu ta karɓi Hadiza daga hannuna, ta riƙe ni da ɗaya hannun muka tsallake kwarin. Sauran suka tura tabarmata da allunan da suka samo a ƙarƙashin taya, suka sa kafaɗa, suna ƙirga ɗaya, biyu, uku, har motar ta fito tana tari. Ba mu daɗe da hawa tudu ba, inda muka yi sallah ya zama ruwa iyakar ganinka. Kwanon dafa-dukata yana can har yau.

Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka kusa Landan babanku ya yi gyaran murya ya ce, "Malama, ashe dai kin san sunansa." Na ce ya dubi hanya.

Har gobe ina nan a kan bakana: shigar mutanen nan ba shiga ba ce, kuma in ka je ka runtse idonka, ka tuna gidan da ka fito. Amma abin da na koya da kunyata shi ne, inda ka ga mutanen gari sun taru sun ajiye motocinsu, akwai abin da suka sani. Inda ka ga sun bari fayau, akwai dalili. Baƙo ba ya fin 'yan gari sanin garinsu don ya fi su sutura. Ruwan nan yana janyewa yana dawowa kullum, rani da damina, sau biyu tsakanin yau da gobe, kuma lokacinsa yana canzawa. Turawa suna ce masa tide, suna buga lokutansa a 'yar takarda a shagunan jarida na kowane garin bakin teku. Duk garin da kuka shiga, kafin askirim, kafin hoto, ka nemi wannan. In babu, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Kuskuren da ya fi wannan daɗewa shi ne wanda na yi bayan mun dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Maimakon in koyi lokacin ruwa, sai na hana ruwan gaba ɗaya. Kowace shekara makarantar su Hadiza tana kai yara bakin teku, kowace shekara ina mayar da takardar ban sa hannu ba. Bara ta tsaya a ƙofar kicin tana hawaye, ta ce, "Everybody's going, Umma!" Na ce ta yi mini Hausa ko ta yi shiru. Ta ce, "Kowa yana tafi." Na gyara mata Hausar, ban gyara dokar ba. Yarinyar da aka haifa a tsibiri, ga ta ta kusa zama budurwa, ba ta taɓa sa ƙafa a teku da saninta ba. Da ka shimfiɗa taswirar nan na ga yadda ta ɗora haɓa a kan tebur tana bin jan layinka da ido. Kai ma wata rana za ka riƙe gida. In abu ya tsorata ka, ka koya wa iyalinka yadda za su bi da shi. Kulle ƙofa ba ya hana yaro girma, sai dai ya koya masa hayar tsohuwar mota a ɓoye.

Yanzu maganar motar. Kada ka manta ba don hanyoyin ƙasar nan aka ƙera ta ba. Tunda gida an koma tuƙi a hannun dama, babanku ya sa aka kawo mai sitiyari a hagu. A nan kuwa hagu ake bi, wato kai direba kana can gefen ciyawa, ba ka ganin abin da ke tahowa in babbar mota ta tare ka. Ranar da aka kawo ta na zauna a gaba, babanku ya leƙa zai wuce wata bas a hanyar Woolwich, ni ce na fara yin ido huɗu da motar madara. Salati kawai na yi, shi ya fahimta. Hanyoyin Devon da Cornwall kuma an ce mini ƙanana ne, masu kwana-kwana, da shinge a kowane gefe. Saboda haka Danjuma ne idonka. In yana gaba ba barci, ba karatun jarida. In bai ce wuce ba, ba ka wucewa, ko da tarakta ce a gabanka tana tafiyar hawainiya. Ba kallo kuka je yi ba? To, ku yi kallon. Kuma in kana son kallon ruwa, ka tsaya ka fito. Ba a tuƙi da ido ɗaya a teku.

Rana ma kada ta ruɗe ka. Da bazarar ƙasar nan sai ka ga gari da haske tarwai, alhali masu shago sun daɗe da rufewa, masu masauki sun kashe murhu. Agogo za ka bi, ba rana ba. Ka sa buta da dadduma a bayan mota, kuma matafiyi yana da sauƙin da Allah Ya ba shi na haɗa salla da rage ta, amma ba a ba shi izinin barinta ba. In ka tsaya salla Danjuma zai jira ka, na san tarbiyyar uwarsa. Ranar Lahadi kai ma ka nemi coci a garin da kuke, ka kai shi ƙofa, ka jira shi. Abokin tafiya ba a cin haƙƙinsa. Kifi kuma kafin ka saya ka tambayi da wane mai aka soya. Zan yi muku dambun nama da cincin, ba don ku cinye tun kafin Dover ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi damuna da ku 'yan zamanin nan. Tunda kuɗin man fetur ya ɓarke a gida, kowa kansa ya yi girma. Ina ganin baƙin da ke sauka a falona, su zo da jaka ɗaya su koma da goma, suna magana da masu shago kamar sun sayi titin. Kai ma na lura tun da aka ƙara muku alawus ɗin karatu tafiyarka ta canza. Saurayi baƙar fata a sabuwar mota fil a ƙauyen Turawa, kowa zai dube ka, ɗan sanda ma zai iya tsayar da kai ba laifin komai. Ka riƙe takardun mota a kusa, ka amsa da ladabi, ka bar fankama. Gidajen giya da injinan caca da ke jere a bakin ruwa ba naka ba ne. Motar nan gumin babanku ce, ba rijiyar mai ce ta haife ta ba, kuma a Kaduna yake jiranta da fentinta.

To, ga abin da ka so ka tsallako ka gani. Na ba da makulli. Ka zo ranar Asabar ka ci tuwon da ka bari, ka zo da taswirar, ka nuna mini garuruwan da za ku kwana ɗaya bayan ɗaya, in ji da kunnena ka yi booking. Kowace yamma in kun sauka ka nemi akwatin waya ka bugo, ko da kalma biyu ce. Kuma ranar farko ba ku biyu ba ne, ku huɗu ne. Ni da Hadiza za mu zauna a baya har Margate, mu dawo a jirgin ƙasa. In na ga tuƙinka bai yi mini ba, makullin zai dawo jakata, ku biyo mu a jirgin. Ban gaya mata ba tukuna, na bar maka ka faɗa mata da bakinka. Zan sa zanena da mayafina, in riƙe hannunta, mu taka har inda ruwan yake, in ga ko zai gane ni.

Maman Danjuma tana gaishe ka, ta ce in ja maka kunne, na ce mata na ja. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Allah Ya tsare gabanku da bayanku, Ya haɗa ku da mutanen kirki a kowace ƙofa, Ya nuna muku abin mamakin halittarSa ku ƙara jin tsoronSa. Na yafe maka tuwon ranar Lahadi. Allah Ya yi maka albarka.

Tsohuwar doka ta faɗi daga yau. Ga sabuwa, kuma ta hau kan kowa, har ni, har babanku, har 'ya'yan da za ka haifa: duk ɗan gidan nan yana iya zuwa bakin teku, amma sai ya san lokacin dawowar ruwa kafin ya cire takalmi. Mota kuma ba ta taka yashi. A ajiye ta a kan tudu, inda jama'a suka ajiye tasu, ko da me suka sa a jikinsu.

Wassalam,
Umman Hadiza.